Hagler da Golovkin: wa zai ci in an haɗa su?

Tambaya: Malam, musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Dattawan cikinmu sun dage cewa da za a haɗa Marvin Hagler ɗan Amurka da Gennady Golovkin ɗan Kazakistan a damben boksin na ajin matsakaita nauyi, Golovkin ba zai ga turmi na shida ba. Mu matasa kuma muna ganin ƙarfin naushin Golovkin da horon zamani sun fi ƙarfin duk wani ɗan damben shekarun 1980. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Hagler nake ba, amma da maki, bayan an kai ƙarshen turmi na ƙarshe kowa na tsaye da ƙafafunsa. Dattawanku sun canki wanda zai ci, sai dai sun yi nisa da gaskiya a kan yadda zai ci. Ku kuma matasa kun jingina da hujjar da ba ta da ƙwari a wannan aji.

Mu fara da hujjar taku. Cewa 'yan damben yanzu sun fi na da girma da ƙarfi magana ce da ke da gurbi a ajin masu nauyi, inda babu iyaka: Muhammad Ali na shiga fage da fam ɗari biyu da 'yan kai, Tyson Fury kuwa ya haura fam 270. A ajin matsakaita nauyi sikeli ne ke hukunci. Fam 160 ne, wato kilo 72 da rabi, haka yake lokacin da Dick Tiger namu na Najeriya ya lallasa Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan a 1963, haka yake a zamanin Hagler, haka yake yau. Abin da ya sauya shi ne lokacin awo. A yawancin zamanin Hagler ranar wasa ake hawa sikeli, yanzu kuwa ranar jajibiri ake yi, sai mutum ya matse ruwan jikinsa ya ci awo, ya kwana yana ci yana sha, ya wayi gari ya ƙara nauyi sosai. Akwai waɗanda suka gina sunansu a kan wannan dabara, amma Golovkin ba ya cikinsu. A 2017, lokacin karawarsa da Daniel Jacobs, hukumar damben boksin ta IBF na da ƙa'idar awo na biyu da safiyar wasa, kada a ɗara fam goma a kan iyaka. Golovkin ya hau ya wuce lafiya, Jacobs ne ya ƙi zuwa. Saboda haka ko da wace ƙa'ida aka bi, tazarar nauyi tsakanin Hagler da Golovkin ba za ta kai abin da zai yanke hukunci ba.

Yawan turmi ya fi awo tasiri. Hagler ya taso a lokacin da wasan kambu turmi 15 ne, kuma sau biyu ya cika su: da Vito Antuofermo a 1979, da Roberto Durán a 1983. An fara rage turmi zuwa 12 ne bayan mutuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim sakamakon wasansa da Ray Mancini a ƙarshen 1982, hukumar dambe ta WBC ta fara, sauran hukumomin suka biyo baya kafin shekarun su ƙare. Golovkin bai taɓa cika turmi 12 ba sai a wasan Jacobs ɗin nan, yana dab da shekara 35. Ba laifinsa ba ne, mutane ne ba sa kaiwa: wasa 23 a jere ya gama kafin lokaci. Amma in aka ce turmi 15, to an ba Hagler gona uku da ya san ta, shi kuwa Golovkin bai taɓa taka ta ba. Don a yi adalci, ni ina lissafi ne da turmi 12.

Sai kuma a tantance wane Hagler da wane Golovkin, domin nan ne mutane ke cin zarafin juna ba tare da sun sani ba. Masu goyon Golovkin suna ɗauko Hagler na 1987, wanda ƙafarsa ta yi nauyi, ya yi ta bin Sugar Ray Leonard yana naushin iska. Masu goyon Hagler kuma suna ɗauko Golovkin mai shekara 37 da Sergiy Derevyanchenko ya sha wa kai a 2019. Duk biyun rashin adalci ne. Hagler na ganiya shi ne na 1981 zuwa 1983, wanda ya doke Fulgencio Obelmejias, ya doke Antuofermo a karawarsu ta biyu, ya farfasa fuskar Mustafa Hamsho, ya gama da Tony Sibson a turmi na shida. Golovkin na ganiya shi ne na 2013 zuwa 2015, daga Matthew Macklin zuwa David Lemieux.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutane na ganin Golovkin a matsayin mai ƙarfin naushi kawai, alhali ƙashin bayan dambensa shi ne naushin hannun gaba, wato hagunsa da yake miƙawa kai tsaye. Ba taɓawa yake yi da shi ba, duka ne mai nauyi da ke mayar da kan mutum baya. Da shi yake auna tazara, da shi yake tura abokin karawa zuwa igiya, sannan ƙafafunsa su tare hanya ta hagu da ta dama har mutum ya tsinci kansa a lungu. Sai an kai nan ne manyan naushin ke fitowa. Duba wasansa da Lemieux a Madison Square Garden a watan Oktoba na 2015. Lemieux mutum ne mai mugun naushi, kowa na jiran a yi musayar wuta, Golovkin ya ƙi. Ya tsaya a tazararsa yana zuba masa hannun gaba a hanci turmi bayan turmi, har alƙalin wasa ya tsayar a turmi na takwas. Duk wanda zai ci Golovkin dole ya fara raba shi da wannan makami, ko aƙalla ya rage masa kaifi.

Kuma kusan duk abin da ake bukata don yin haka Hagler na da shi. Bahago yake tsayawa, ƙafar dama da hannun dama a gaba. Duk wanda ya saba kallon damben gargajiya ya san yadda bahago ke rikita wa na-dama lissafi, haka abin yake a boksin. In na-dama biyu suka haɗu, hannun gaban kowa na da buɗaɗɗiyar hanya zuwa fuskar ɗan'uwansa. In bahago ne a gabanka, hannunka na gaba da nasa suna fuskantar juna a layi ɗaya, kana miƙawa sai ka ci karo da safarsa, ƙafafunku na gaba kuma suna ta rigimar wa zai taka ta waje. Wanda ƙafarsa ta samu waje shi ke da kusurwar duka. Wannan kaɗai na rage yawan hannun gaban da Golovkin zai saukar.

Amma Hagler ba irin bahagon da aka saba gani ba ne. Asalinsa na-dama ne, ya zaɓi tsayuwar bahago, ke nan hannunsa mai ƙarfi shi ne a gaba. Naushin da wasu ke taɓa abokin karawa da shi don neman hanya, shi da shi yake fasa gira. Ga kuma tsawon hannu: duk da Golovkin ya ɗan fi shi tsayi, faɗin hannuwan Hagler inci 75 ne, na Golovkin inci 70. Inci biyar a faɗan hannun gaba ba ƙaramin abu ba ne. Akwai tazarar da Hagler zai taɓa Golovkin, shi kuwa Golovkin sai ya ƙara taku kafin ya kai. Kuma in abin ya ƙi a tsayuwar bahago, Hagler na juyawa ya koma na-dama a tsakiyar musayar naushi, ba tare da ya rasa daidaiton ƙafa ba. 'Yan dambe kaɗan ne a tarihi suka iya wannan juyi kamarsa.

Za ku ce ai Golovkin ya doke bahagwai. Gaskiya ne. Ya gama da Grzegorz Proksa a turmi na biyar a wasansa na farko a Amurka a 2012, ya kuma gama da Willie Monroe ƙarami a turmi na shida a 2015. Wani abin sha'awa, wannan Monroe jika ne a dangin Willie Monroe babba, ɗan Filadelfiya da ya ci Hagler da maki a 1976, kafin Hagler ya rama har sau biyu da kisa. To amma ku sake kallon wasan Monroe ƙaramin. Bayan ya faɗi sau biyu a turmi na biyu, ya tashi ya riƙa samun fuskar Golovkin a turmi na uku da na huɗu ba tare da wata wahala ba. Naushinsa ne ba shi da nauyin da zai sa a girmama shi. Haka Kell Brook, wanda ya hauro aji biyu a Landan a 2016, ya saukar da naushi masu tsabta kafin ƙashin idonsa ya karye kocinsa ya jefa tawul. Jacobs kuma, da ya riƙa juyawa tsakanin tsayuwar dama da ta bahago, ya faɗi a turmi na huɗu amma ya kai ƙarshe, alƙalai suka ba Golovkin da tazara 'yar kaɗan: 115-112 sau biyu, da 114-113. Abin da waɗannan wasanni ke nunawa shi ne Golovkin ba mai kaucewa da kai ba ne sosai. Yana karewa da safa da taku, sauran kuma ya bar wa haɓarsa. Mutumin da ake samu haka, in mai samun nasa Hagler ne, maki za su riƙa zuba.

Nan kuma zan juyo kan dattawanku, domin batun turmi na shida mafarki ne. Golovkin ya yi wasa 45 na ƙwararru, ya ci 42, 37 daga ciki kafin lokaci, ya faɗi biyu da maki, ya yi kunnen doki ɗaya, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ya sha turmi 36 da Canelo Álvarez, wanda ba kanwar lasa ba ne, ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A 2014 Daniel Geale ya dirka masa dama sosai a fuska, a cikin wannan daƙiƙar shi ma Golovkin ya saki tasa damar, Geale ne ya kwanta. Irin wannan kai ba a fasa shi cikin turmi shida. Hagler mai kisa ne, 52 cikin nasarori 62, amma kisansa na tarawa ne: ya yanka ka, ya kumbura ka, ya gajiyar da kai, sannan ya rufe. Ba mai naushi ɗaya a tafi gida ba ne.

Haka nan ku matasa ku cire rai da cewa Golovkin zai kwantar da Hagler. A wasa 67 sau ɗaya tak aka ƙirga masa faɗuwa, a turmin farko da Juan Roldán a 1984, kuma duk wanda ya kalli faifan zai ga santsi ne da ɗan ja a ƙeya, shi kansa Hagler bai taɓa yarda da wannan ƙirga ba. Shaidar da ta fi kowace ita ce daren 15 ga Afrilu 1985 a Caesars Palace na Las Vegas. Thomas Hearns, wanda watanni goma kafin nan ya kifar da Durán da fuska a turmi na biyu, ya samu Hagler da cikakkiyar damarsa tun a daƙiƙun farko. Hagler ya ɗan tsaya cak, ya riƙe, ya sake kutsawa. Hannun Hearns ne ya karye a wannan turmi. Goshin Hagler ya tsage, jini na bin hancinsa, a turmi na uku alƙali Richard Steele ya tsayar ya kira likita ya duba. Da aka ce a ci gaba, Hagler ya san lokaci ya ƙure masa, ya bi Hearns da gudu-gudu yana tsalle da dama har ya zube. Shekara guda bayan haka John Mugabi ɗan Uganda, wanda ya zo da wasa 25 duk ya gama su kafin lokaci, ya yi ta dukan kan nan har turmi na 11, shi ne ya ƙare a zaune. Naushin Golovkin na da nauyi irin na guduma, amma ban ga dalilin da zai sa ya yi abin da Hearns da Mugabi suka kasa ba.

Tunda kai ya ƙi fasuwa ta kowane ɓangare, sai a koma jiki, kuma nan ma ina ganin Hagler ya ɗan fi riba. Golovkin na da mugun naushin hanta, Macklin shaida ne: hagu ɗaya a haƙarƙari a turmi na uku ya bar shi yana birgima. Sai dai akwai abin da na lura da shi a manyan wasanninsa. In abokin karawa na da saurin mayar da martani, Golovkin na rage kai hannu ƙasa, ya koma farautar kai. A wasanninsa biyu na farko da Canelo, 2017 da 2018, kusan ya manta da jiki gaba ɗaya. A na biyun kuma Canelo ya tsaya a tsakiyar fage ya ƙi ja da baya, yana dukan ciki, sai ga Golovkin na takawa baya, abin da ba a saba gani ba. Derevyanchenko ma ya sa shi ya ɗan naɗe da naushin ciki a turmi na biyar. Na yarda a lokacin shekaru sun fara hawa, amma hanyar ta bayyana: Golovkin da ake turawa baya rabin Golovkin ne. Hagler na iya dambe yana ja da baya, yana iya yi yana zagaye, yana iya yi ƙirji da ƙirji. Hanyoyinsa uku ne, na Golovkin ɗaya ce mai kyau ƙwarai.

Amma kada dattawa su yi saurin tafi, Hagler na da tasa ɓarakar, kuma ita ce ƙofar da Golovkin zai iya shiga. A manyan wasanni wani lokaci yakan girmama abokin karawa fiye da kima. Da Antuofermo a 1979 ya yi gaba da maki, sai ya sassauta a turmin ƙarshe-ƙarshe, aka ce kunnen doki, kambu ya zauna a hannun mai shi. Da Durán, mutumin da asalinsa ɗan ajin fam 135 ne, ya yi ta taka-tsantsan har aka gama turmi na 13 alƙalai biyu na ganin Durán ne a gaba, sai da ya ƙwace turmi biyun ƙarshe ya tsira. Da Leonard kuma, bayan ya amince da turmi 12 da safa mai oza 10 da fage mai faɗi don kaso mafi tsoka na kuɗin wasan, ya fito a turmi biyun farko a tsayuwar na-dama, ya ba da su kyauta, kuma da tazarar irin wannan ya rasa kambunsa. In wannan Hagler mai dogon nazari ne ya fito, Golovkin zai tara turmin farko-farko da hannun gaba da matsin lamba, alƙalai kuma na son mai zuwa gaba. A turmi 12 babu isasshen lokacin biyan bashi.

Abin da ya sa duk da haka ban sauya ra'ayi ba shi ne, waɗanda suka sa Hagler dogon tunani masu wayo ne da ke jiran ya zo su mayar masa, ko masu yawo irin Leonard. Masu zuwa masa kai tsaye kuwa, su Hamsho, Sibson, Roldán, Mugabi, abincinsa ne. Ba sai ya nemi mutum ba, mutum ne ke kawo kansa bakin hannun damansa. Golovkin ya fi waɗannan huɗun nesa ba kusa ba, ya fi su tsari da haƙuri da daidaiton ƙafa, ga tushe mai zurfi na damben 'yan koyo (kafin ya zama ƙwararre) wanda ya kai shi zakaran duniya a 2003 da lambar azurfa a gasar Olamfik ta Atina a 2004. Amma nau'in dambensa shi ne nau'in da Hagler ya fi jin daɗi.

Ga yadda nake hango wasan. Turmi huɗun farko a raba, wataƙila ma Golovkin ya ɗan yi gaba, Hagler na zagayawa ta damansa yana gwada tazara. Daga na biyar zuwa na tara fuskar Golovkin ta fara nuna alama, domin fatarsa na saurin ja da kumburi, Hagler kuma ya fara tsayawa yana haɗa uku-uku, ciki sannan sama, ya fice ta gefe kafin martani ya iso. Wani wuri a nan Golovkin zai samu babbar dama ɗaya ko biyu da za su tayar da 'yan kallo tsaye, Hagler ya haɗiye. Turmi ukun ƙarshe karon battar ƙarfe ne, kuma a irin wannan wuri na fi yarda da huhun mutumin da ke killace kansa a Provincetown, wani garin bakin teku a Amurka, cikin sanyin hunturu yana gudu a kan yashi da takalman soja. Katina zai nuna kamar turmi bakwai ko takwas ga Hagler. In an buga wasan sau goma, ina ba shi shida ko bakwai.

Batun wa ya fi doke manyan mutane, wanda na san shi ma yana tasowa a majalisa, bai cika raba gardama ba. Ana yi wa Hagler gorin cewa Durán da Hearns da Leonard duk daga ƙananan aji suka hauro. Haka ne, amma Brook da Canelo ma haurowa suka yi. Ana yi wa Golovkin gorin rashin manyan sunaye a shekarun ganiyarsa, alhali ba shi ya ƙi ba: bai samu Felix Sturm ba, bai samu Sergio Martínez ko Miguel Cotto ba, Canelo kuma ya ajiye kambun WBC a 2016 maimakon ya hau da shi a lokacin, sai da Golovkin ya cika 35 aka haɗu. Wasan farkon nan ma ni a wurina Golovkin ne ya ci, katin 118-110 da wata alƙaliya ta ba Canelo abin kunya ne. Shi ma Hagler an ja masa rai, sai a wasansa na 50 ya samu damar neman kambu, kuma da ya ƙwace shi daga Alan Minter a Wembley a 1980, kwalabe aka yi ta jifansa da su har 'yan sanda suka fitar da shi. Bambancin da nake gani ɗaya ne: shekarun jiran Hagler ya yi su ne a Filadelfiya yana gwabzawa da su Bobby Watts, Monroe, Eugene Hart da Bennie Briscoe, ya sha kaye biyu ya koyi gyara. Golovkin bai haɗu da wanda ya tilasta masa sauya tsari ba sai da ƙafarsa ta fara sanyi.

In kuna so musun ya yi ma'ana, ku ajiye faifan Hearns da na Canelo, kowa ya haddace su. Ku zauna tare da dattawan ku kalli Hagler da Sibson na 1983, sannan Golovkin da Lemieux na 2015, ku zuba ido a kan hannun gaba da ƙafar gaba kawai, kada ku bi manyan naushi. In kuma wani ya dage sai dai a ɗauko Hagler na daren Leonard a haɗa shi da Golovkin na 2014, to a wannan sharaɗi ni ma Golovkin zan ba.